Canjin da ya wuce lissafi, na wa ne?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Na baya, ku ɗan matso, akwai fili a nan gaba.

Maganarmu ta daren nan a kan canji ce. Ka je kasuwar Singa a nan Kano ka sayi kayan dubu 7, ka miƙa dubu 10, yaron shago ya dawo maka da dubu 4. Tun kana tsaye ka lura dubu ɗaya ta hau. Abin da muka saba ji shi ne "rabona ne ya tsaga", ko "ai ban roƙe shi ba, shi ya ba ni da hannunsa".

To, mu ɗora wannan magana a kan aya ta 29 ta Suratun Nisa'i. Allah ya hana muminai cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna, sai dai cinikin da aka yi da yardar juna. Sharaɗin shi ne yarda. Wanda ya yi kuskuren ƙirga bai yarda ba, domin bai ma san abin ya fita daga hannunsa ba. Da za ka ce masa "ka bar mini dubun nan?" sai ka ga ya zaro ido. Kai ma ka san haka, shi ya sa kake saurin sa kuɗin a aljihu kana ƙara sauri wajen fita. Hadisin Nawwas ɗan Sam'an da Muslim ya ruwaito ya faɗi alamar: zunubi shi ne abin da ya yi maka kai-kawo a ƙirji, kuma ba ka son mutane su gano shi.

Wani zai ce tsintuwa ce. Ko tsintuwar ma, Annabi (SAW) ya umarci a yi cigiyarta shekara guda, alhali ba a san mai ita ba. Kai kuwa ga mai ita nan a gabanka, kana kallonsa yana kallonka.

Amma 'yan uwa, abin da ya fi damuna shi ne wanda zai biya. Muna cewa "babban kanti ne, ba za su ma ji ba". Mai kantin ba zai ji ba, gaskiya ne, domin ba daga aljihunsa za ta fita ba. Idan an rufe, a yi lissafi, abin da ya yi giɓi a cire daga albashin yarinyar da ta wuni a tsaye tana karɓar kuɗi. Mai POS da ke zaune a ƙarƙashin lema a bakin Ƙofar Wambai, idan cajinsa naira 100 ne a kan mutum, ya yi kuskuren ba ka dubu 5, sai ya sallami mutum 50 kafin ya mayar da abin da ka tafi da shi. Yaron shago a Kantin Kwari kuma nasa ya fi muni. Yana iya shafe shekaru yana yi wa ubangidansa hidima da fatan wata rana a sallame shi da jari. Jarinsa a yanzu amana ce kawai. Yau kuɗi bai cika ba, jibi bai cika ba, ubangida ba zai ce kuskure ba ne, cewa zai yi yaron nan ya fara ɗan hali. Ka tafi da dubu ɗaya, ka bar ɗan mutane da zargin sata. Wallahi wannan ya fi dubun nauyi.

A shekarar 2023, garin nan kaf ya yi alfahari da matashin mai adaidaita sahun da ya mayar da kusan naira miliyan 15 da fasinja ya manta. Ya cancanci yabo. Sai dai yawancinmu ba za a taɓa jarraba mu da miliyan 15 ba. Da ɗari biyar ake jarraba mu, a wajen mai burodi, ba ɗan jarida, ba kyauta.

Akwai sabon salo da ya zo da taransifa, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Ka tura kuɗi, an cire a asusunka, ka nuna wa mai kaya, ya yarda da kai ya ba ka kayanka. Da daddare sai ka ga banki ya dawo maka da kuɗin, ba su shiga wajensa ba. Wannan bashi ne a wuyanka, sak kamar ka ɗauki kaya ba ka biya ba.

Masu cewa "su ma ai suna tauye mana mudu", idan wani ya cuce ka, ka nemi haƙƙinka a wajensa. Ba yarinyar kanti ce ta tauye maka ba.

Sannan mayarwar ma tana da ladabi. Kada ka ɗaga murya a gaban ubangida da masu sayayya kana cewa yaronku bai iya lissafi ba. Ka matsa kusa da shi, ka ce "ɗan'uwa, sake ƙirga wannan", ka miƙa masa. Kada kuma ka tsaya jiran tukuici.

An miƙo takarda daga ɓangaren mata. Baiwar Allah ta ce ta zo sari daga nesa, sai da ta koma gida ta ga kuɗi sun yi yawa, yaya za ta yi? Hajiya, ki duba rasit ko ledar shagon, galibi akwai lambar waya. Ki kira, su ba ki lambar asusu ki tura. Idan babu, ki ba wani amintacce mai zuwa kasuwar, ko ki ware kuɗin har ki dawo. Idan suka ce sun yafe, ya zama halak ɗinki, amma mai dukiyar ne yake da ikon yafewa, ba yaron shago ba, sai in an ba shi wannan izini. Idan kuwa kin yi iya ƙoƙarinki kin rasa su gaba ɗaya, malamai sun ce ki yi sadaka da kuɗin da niyyar ladan ya je wa mai su, in kuma ya bayyana daga baya bai amince da sadakar ba, ki biya shi.

Ga ladan can ya tashi. Sauran takardun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.