Ashe a irin ginin nan aka dafa maganar ƙanjamau

Jama'a salamu alaikum, wallahi yau raina a ɓace yake, ku yi haƙuri da iskar da kuke ji a makirfon, Berlin ce, sanyinta ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Kun ga ginin nan na bayana? Tsohuwar hedikwatar Stasi ke nan, 'yan leƙen asirin Jamus ta Gabas, a unguwar Lichtenberg. Yanzu gidan tarihi ne, kusan Yuro goma na biya na shiga, kar ma wani ya juya min shi zuwa naira. Kana shiga za ka ci karo da mutum-mutumin Dzerzhinsky, wanda ya kafa Cheka, 'yan sandan sirrin Sobiyet na farko, a ƙarshen 1917 bayan juyin juya halin Rasha, shi ne kakan su duka, KGB ta Tarayyar Sobiyet da Stasi duk tsatsonsa ne. A sama ofishin ogansu Mielke yana nan yadda ya bar shi, kujeru shuɗaye, wayoyin tarho a jere, har kamara na gani an ɓoye cikin butar ban ruwan fulawa.

To duk wannan bai girgiza ni ba kamar abin da wani ɗan'uwanmu ɗan Damagaram da ke karatun tarihi a nan ya faɗa min muna fitowa. Ya nuna min wani dogon gini a harabar ya ce sashen ƙasashen waje ke nan, suna da ofishi guda wanda aikinsa kawai shirya ƙarya a aika waje. Ya ce ka san maganar nan cewa Amurka ce ta haɗa ƙanjamau a ɗakin gwaji? Na ce wa bai sani ba, tun muna yara ake faɗa a majalisa. Ya ce to da hannun mutanen ginin nan a ciki, su da KGB, har suna suka ba aikin, Denver.

Ku ji yadda aka yi. A 1983 wata ƙaramar jarida a Indiya mai suna Patriot ta buga wasiƙa ba sunan marubuci, wai wani babban masanin kimiyya ne Ba'amurke, yana cewa sojojin Amurka ne suka ƙirƙiro cutar, alhali KGB ce ta shirya wasiƙar. Shiru ba wanda ya kula. Sai 1985 jaridar Literaturnaya Gazeta ta Mosko ta ɗauko ta ce ga abin da jaridar Indiya ta ruwaito. Kun ga dabarar ko? Kai ka binne abu a gonar maƙwabci, bayan shekara biyu ka zo ka tono a gaban jama'a kana salati. Daga nan aka samo farfesa, Jakob Segal, tsohon malami a jami'ar Humboldt ta nan garin, ya rubuta rahoto cewa a Fort Detrick, cibiyar binciken ƙwayoyin cuta ta sojojin Amurka, aka haɗa ƙwayar aka gwada kan fursunoni, kuma a 1986 lokacin taron ƙasashe 'yan ba-ruwanmu a Harare aka yi ta raba takardar. Harare fa! Mu aka nufa, Afirka aka nufa, don a lokacin Yaƙin Cacar Baka kowane ɓangare so yake mu tsani ɗayan. Kafin ƙarshen 1987 labarin ya shiga ƙasashe sama da 80.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne sun san inda ke mana ciwo. Amurka ta yi abin kunya na gaske a Tuskegee, daga 1932 har 1972 aka bar baƙaƙen fata da ciwon tunjere ba magani ana kallon yadda zai ci su. Wanda ya san wannan, ka zo masa da maganar ƙanjamau ai ba sai ka rantse ba. Ga shi kuma Turawa na ta nuna Afirka da yatsa kan cutar, mutane sun gaji da cin fuska, duk wanda ya zo ya ce laifin wani ne za a rungume shi. Alhali akwai jinin da aka ɗiba a Kinshasa tun 1959 da aka samu ƙwayar a ciki, shekaru da yawa kafin a iya irin wannan haɗe-haɗen a ɗakin gwaji.

Na tuna Baba, Allah ya jiƙansa, da 'yar rediyonsa bayan isha'i, ya murɗa BBC, ya murɗa Jamus, ya kamo Mosko da Sin, duk da Hausa, mu muna gefe muna shan kunun tsamiya. Kai, kunun nan na yi kewarsa, a nan tsamiya sai shagon 'yan Asiya kuma da tsada. Baba ba ya yarda da tasha ɗaya, kuma in kun lura mu Hausawa wajen bin labaran duniya ba a bar mu a baya ba, mai shayi ma sai ya warware maka siyasar Gabas ta Tsakiya. Shi ya sa kowa ke buɗe mana sashen Hausa, kunnenmu suke nema.

A 1992 shugaban leƙen asirin ƙasashen waje na Rasha, Primakov, da bakinsa ya amsa cewa yaɗa maganar ƙanjamaun nan aikinsu ne. Amma wa ya kai wannan labarin majalisa? Har gobe akwai masu gudun gwaji da magani saboda irin wannan tsoron, wannan rayukan mutane ne jama'a.

Ni dai 'yan gidanmu na gaya muku, duk wanda ya sake turo min odiyo a guruf wai wani babban likita a Turai ya tona asiri, ba suna ba gari, sai na kira shi na tambaye shi wane likita. Kuma masu shirin zuwa nan, jirgin ƙasa U5 za ku hau ku sauka Magdalenenstraße, kar ku kuskura ku shiga ba tikiti, tarar Yuro 60 ce kuma ba sa jin don Allah.