Bayan an cire zare: laccar da wata ma'aikaciyar jinya ta yi wa mata a Katsina

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Hajiya, a ɗan matso da tabarmar nan, rana ta fara shigowa.

Abu uku na zo da su yau kan matar da aka cire wa nono saboda sankara. Ba a banza ake ware watan Oktoba don wannan ciwo ba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata kusan miliyan 2.3 aka samu da shi, kuma a Najeriya shi ne kan gaba cikin sankarar da ke kama mata. Amma ba lissafi ya kawo ni ba.

Na farko, madubi. Mu a asibiti, ranar da muka cire zare muka ga wuri ya kame, sai mu ce alhamdulillahi, aiki ya yi kyau. Ita kuwa ranar take fara nata. Akwai wata baiwar Allah da na yi wa wankin ciwo sati biyu, ko sau ɗaya ba ta sunkuyar da kai ta dubi ƙirjinta ba. Silin take kallo har in gama. Da ta dawo ganin likita, na tarar ta cusa tsumma cikin rigar mama, tsumman yana ta zamewa, tana ta gyara mayafi. Ta ce mini ta daina ɗaurin ƙirji a tsakar gida, wanka ma sai da asuba kafin kishiyarta ta tashi. Ku duba fa, ɗaurin ƙirji! Abin da kowacce cikinmu ke yi ba tare da tunani ba.

Kuma me muke ce mata? "Ki gode Allah kin rayu." Gaskiya ne, godiya wajibi ce. Amma sau da yawa da wannan kalmar muke rufe mata baki. Ta gode, kuma tana baƙin ciki, duka biyun suna zama a zuciya ɗaya. Wadda aka yi wa rasuwa ai ba a hana ta kuka. In kin ga ta daina barci, ta daina cin abinci, ta daina zuwa biki da suna, kuka ba dalili har ya wuce sati biyu, wannan ciwon damuwa ne, yana da magani, a kai ta ga likita. Kada a ce aljanu. Na sake faɗa, kada a ce aljanu.

Sai maigida. Ina mazan? Au, ba a gayyace su ba (dariya). To ku kai musu saƙo. Wani ba ƙyama yake ba, tsoro yake kada ya taɓa ya fama mata ciwo, sai ya ja baya, ita kuma ta fassara shi da cewa an gama da ita. Shiru ya haɗu da shiru. Ga kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, ya zubar da gashi, ga ƙwayar tamozifen da ake sha shekara 5 ko fiye tana kawo zafin jiki da bushewar gaba. In kuwa maganar ƙarin aure ta taso a daidai wannan lokaci, to sai dai Allah ya kyauta. Sankara ba a ɗaukarta ta kwanciya ko cin abinci kwano ɗaya, a daina ware mata kofi.

Na nawa muke? Na biyu ko na uku? To, a gurguje: hannun gefen da aka yi aiki yakan kumbura in an cire kaluluwar hammata, a nuna wa likita da wuri. Wata kuma takan ji ƙaiƙayi a nonon da babu shi. Ba taɓin hankali ba ne, jijiyoyi ne.

Na'am, Inna, tambaya? Ta ce 'yarta aka yi wa aikin, kuma an ce ana iya sake yin nono, shin ba canza halittar Allah ba ne?

Ana yi. Ko a sa roba ta silikon, ko a ɗebo tsoka da fata daga ciki ko baya a gina shi, wani lokaci a aiki ɗaya, wani lokaci sai bayan an gama gasa wurin da hasken na'ura. Amma in gaya miki gaskiya: ba ya shayarwa, jinsa ba kamar na asali ba, yana da tsada, kuma likitocinsa kaɗan ne. Wata ta yi hankalinta ya kwanta, wata ta ce wuƙa ɗaya ta ishe ta, ta sa na soso cikin riga ta ci gaba da harkarta. Kowacce da gaskiyarta.

Batun hukunci, ni ba malama ba ce, amma akwai hadisin Arfaja ɗan As'ad da aka sare wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya umarce shi ya sa na zinare. Da shi malamai ke kafa hujja cewa mayar da abin da ciwo ya ɗauke daban yake da kwalliya. Ki tambayi malaminku, Inna, ki kuma tafi da ita 'yar taki, ta ji da kunnenta.

An kira sallah ko? To a tashi.