Kiɗan da ake ce wa hayaniya: yadda ake tsara brutal death metal da yadda ake naɗarsa

[Kiɗa na daƙiƙa goma, sannan a rage sauti]

Jama'a, barkanku da warhaka. Duk wanda ya saka wannan a fada ana tsakiyar shan shayi, ya san abin da zai biyo baya. Wani zai ce wayarka ce ta lalace, wani ya ce a kashe kafin maƙwabta su fito. Sunansa brutal death metal. Ban zo roƙon kowa ya so shi ba. Aikin da ke cikinsa nake so mu duba, musamman ku masu ƙananan sitidiyo a nan Yamai, masu haɗa rap da waƙoƙin biki a kwamfuta, don ba ni da labarin wani kiɗa da ke tona asirin mai haɗa sauti da sauri kamar wannan.

Daga Amurka abin ya taso. A tsakiyar shekarun 1980 ƙungiyoyi irin su Possessed da Death suka share fagen death metal, daga baya garin Tampa na jihar Fulorida ya zama matattara, albarkacin wani sitidiyo mai suna Morrisound da wani gwanin naɗar sauti, Scott Burns. Reshen da ya fi tsanani kuwa, wanda muke magana a kai, galibi ana jingina shi ga ƙungiyar Suffocation ta Long Island a jihar Niyok, da cikakken faifansu na farko, Effigy of the Forgotten, na 1991. Biyu daga cikin ginshiƙan ƙungiyar, Terrance Hobbs mai gita da Mike Smith mai ganga, baƙaƙen fata ne. Mai cewa wannan harkar Turawa ce zalla sai ya sake lissafi.

Mu fara da gudu. Ana kai wa bugu 240 a minti, wasu har su zarce. Ku yi lissafin da kanku: bugu huɗu ke nan a daƙiƙa ɗaya. Mai ganga kuma yana raba kowane bugu gida huɗu da ƙafafunsa biyu, wato babbar gangar ƙafa tana amsawa sau 16 kafin daƙiƙa ta cika. A sama hannuwa suna nasu aikin tsakanin ƙaramar ganga da farantan ƙarfe, babu numfasawa. Wannan ruwan duka shi suke kira bilas.

[A saki ganga ita kaɗai]

Sai murya. Ba ihu mawaƙin yake yi ba, ko da yake haka kunne ke ɗauka. A maƙogwaro, sama da jijiyoyin murya, akwai wasu ninkin nama guda biyu. Su yake sa wa su karkaɗa da iskar da yake turowa daga ciki. Wanda ya iya sai ya yi awa guda a dandamali bai dishe ba, wanda bai iya ba waƙa biyu ta ishe shi. Mu mun saba da kalangu, gangar da ke kwaikwayon bakin mutum har ta yi wa wani kirari. Su sun juya abin, bakin mutum ne ke kwaikwayon ganga. Kalmomin ba sa fita, sai dai inda gaɓa ta faɗi da inda ta tsaya.

Wataƙila hakan rufin asiri ne, don abin da yawancinsu ke faɗa ba na zaman iyali ba ne: jini, gawa, labaran firgici. A Jamus an hana ƙungiyar Cannibal Corpse rera waƙoƙin faifansu uku na farko a dandamali har zuwa 2006. Ba duka ne haka ba. Dying Fetus, duk da munin sunan, sun yi waƙoƙi a kan yaƙi da siyasa, Nile kuma tarihin Masar ta dā suke bi. Ni dai kiɗan nake saurare, kalmomin na bar wa masu su.

To ga tambayar da ta fi muhimmanci. Waƙarmu amshi ne ke riƙe ta. Mawaƙi ya je ya dawo, ƴan amshi su karɓa, kowa ya san inda yake. A nan babu amshi, babu kalmar da za ka kama, babu karin da za ka bi da baki. Me zai hana mai sauraro ɓata?

Rif ne. Rif gajeren salon gita ne, ƴan sautuka kaɗan da ake jerawa a maimaita. Ƙwararren mai tsara waƙa yakan kawo rif da gudu a farko, ya tafi wani wuri, sannan ya dawo da shi amma a rabin gudu, ganga ta sauya taku a ƙarƙashinsa. Kunnenka ya gane shi ko da hankalinka bai lura ba. Ko kuma ya ɗauki wutsiyar rif na farko ya mayar da ita kan na biyu, sai ka ji kamar ɗaya ne ya haifi ɗaya. Wanda bai ƙware ba kuwa sai ya tara rif goma sha biyar, kowanne mai wuyar bugawa, ya jera su babu dangantaka. Za ka yaba wa yatsunsa, amma da waƙar ta ƙare ba abin da ya rage maka a kai. Wannan ita ce cutar da ta fi yawa a wannan fage, kuma ba ta da alaƙa da rashin iya gita.

Abu na biyu, kuma a wurina shi ne zuciyar lamarin: nauyi ba daga gudu yake zuwa ba, daga saɓani yake zuwa. Bilas na minti huɗu ba tsayawa, bayan daƙiƙa talatin kunne ya saba, ya koma kamar babu. Amma a yi gudun nan, sai kwatsam a ja birki, gita ta koma taku ɗai-ɗai, gefen tafin hannu a danne kan tsirkiya, dum, dum, dum-dum. A nan ne za ka ga ɗakin ya motsa. Wannan sashe shi ake kira silam, kuma da yawa suna nuna waƙar da ta buɗe faifan nan na Suffocation na 1991 a matsayin tushensa. A ƙarshen shekarun 1990 Devourment ta garin Dalas ta ɗauki wannan sashe ta mayar da shi salo mai zaman kansa. Masu bin sahunsu da yawa sun faɗa ɗaya ramin: silam daga farko har ƙarshe, babu gudun da zai sa birkin ya yi ma'ana.

Shi ya sa faifan kirki a nan ba ya tsawo. None So Vile na ƙungiyar Cryptopsy ta Kanada, na 1996, rabin awa ne da ƴan mintoci. Sun san kunne yana gajiya.

[A saki gita ita kaɗai, sannan bas ya shigo]

Yanzu mu shiga sitidiyo, inda mai haɗa sauti ke zufa. Tsirkiya mafi kauri a gita, in an ɗaure ta yadda aka saba, tana girgiza sau 82 a daƙiƙa. Su kuma sassauta ta suke yi, ta sauko wajen 69, wasu har 62. Bas, wato gitar nan mai kaurin murya, yana ƙasa da haka da rabi. Gangar ƙafa a wannan unguwar take. Murya ma ƙasa-ƙasa take gurnani. Abu huɗu ke nan suna neman zama a ɗaki ɗaya, kowa da gudu. In ba a raba musu wuri ba, ba abin da zai fito sai gunji.

Akwai shaida a tarihin Suffocation ɗin kansu. A 1993 suka fitar da faifai na biyu, Breeding the Spawn. Kamfaninsu bai tura su Morrisound ba a wannan karo, a Niyok aka naɗe shi. Waƙoƙin suna cikin mafi sarƙaƙiya da suka taɓa tsarawa, amma sautin ya fito a cushe, gita ba haƙora, har su kansu ba su ɓoye rashin jin daɗinsu ba. Da suka koma wurin Scott Burns a 1995 don faifan Pierced from Within, sai suka sake naɗar waƙar da ke ɗauke da sunan wancan faifai. Daga baya ma suka ci gaba da ɗauko waƙoƙinsa ɗaya bayan ɗaya suna sake naɗa a sababbin faifai. Ku nemi naɗin 1993 da na 1995 ku saurare su a jere. Waƙa ɗaya ce, tsari ɗaya. A na farko kana jin ana wani abu mai wuya a bayan bango, a na biyu kana iya ƙirga kowane taku.

Yaya ake raba wurin? Da ragi, ba da ƙari ba. Ana yanke ƙasan gita, a bar wa bas da ganga. Ita gangar ƙafa ana ɗaga mata wani kaifi can sama, wajen girgiza 3000 zuwa 5000, wannan ƙas-ƙas ɗin da kuke ji, don ta huda ta cikin gita. Bas ana ɗan ƙazanta shi ya yi ƙara a tsakiya, in ba haka ba ya nutse. Gita kuma sau biyu ake buga ta, ɗaya a hagu ɗaya a dama, a bar tsakiya ga murya da ƙaramar ganga. Sannan ga abin da sabon shiga ba ya yarda da shi sai ya gwada: ana rage wa amfilifaya datti, wato kaushin nan da take sa wa sautin gita. Yaro yakan murɗa maɓallin har ƙarshe yana zaton nauyi yake ƙarawa, alhali yana narkar da bakin kowane sauti ne. Akwai kuma na'urar da ke rufe layi da zarar an saki tsirkiya, don shirun da ke tsakanin taku biyu ya zama shiru na gaske. Dum ɗin nan ba ya duka sai in akwai shiru a gabansa.

Sai rigimar da ba ta ƙarewa, ta tiriga. Wani ɗan maɓalli ne da ake maƙala wa ganga, duk bugun da ya ji sai ya saki sautin da aka riga aka naɗa. Wasu suna cewa maguɗi ne. Ni ban ga haka ba. A irin gudun nan ƙafa ba ta iya duka da ƙarfi, fatar ganga ma ba ta gama karkaɗa ba wani bugun ya iso. Tiriga ba ta buga wa kowa ganga, in ka yi tuntuɓe ma ita za ta fara shelanta ka. Inda abin ya ɓaci shi ne bayan an naɗa, mai kwamfuta ya bi kowane bugu ya ja shi kan layi, ya daidaita ƙarfinsu duka. Sai ganga ta koma keken ɗinkin tela ana jajibirin salla. Tsaf-tsaf, amma ba ka jin akwai mutum a zaune yana fama. Faifai da yawa na bayan shekarar 2000 wannan ne ya cinye su. Shi ya sa wasu ƙungiyoyi, irin Defeated Sanity ta Jamus, wadda mai gangarta Lille Gruber ya san kiɗan jaz, suke barin ganga ta yi numfashi irin na mutum. Wasu kuma da gangan suke ɗaure ƙaramar ganga tamau ta riƙa ƙwal-ƙwal, masoyansu suna murna. Wannan zaɓi ne, ba kuskure ba, muddin rif yana fita.

Kada wani ya ce mai kuɗi kaɗai ke iyawa. Indunusiya, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi yawan Musulmi, tana cikin manyan gidajen wannan kiɗa, da ƙungiyoyi irin Jasad ta Bandung da Siksakubur ta Jakarta. A Botsuwana akwai Overthrust daga garin Ghanzi, a cikin hamadar Kalahari.

Mu dawo gida. A nan waya ce rediyonmu. Waƙoƙin Mdou Moctar, ɗan yankin Tawa, ta katin waya suka fara yawo hannu zuwa hannu kafin duniya ta san shi. Lasifikar waya kuwa kusan ba ta fitar da komai daga can ƙasa. Duk nauyin da ka tara a girgiza 60, a waya babu shi. Saboda haka ƙas-ƙas ɗin ganga da dattin bas su ne za su tsira, su ne za su gaya wa kunne akwai nauyi. Kuma yawancin wayoyi lasifika ɗaya ce gare su, hagu da dama a haɗe suke fita. Wanda ya yi ƙyuya ya kwafi gita ɗaya ya ɗan jinkirta ta ya aika ɗaya gefen, a ekutar zai ji daɗi, a waya su cinye juna ta koma siririya. Buga ta sau biyu, malam.

Kada kuma ku matse waƙa don ta fi ta kowa ƙara. Spotify da YouTube suna rage duk waƙar da ta wuce mizaninsu, sai ka tashi ba ƙarar ba kuma bambanci tsakanin gudu da birki, wanda shi ne dukiyar waƙar tun farko.

Na san ba kowane sitidiyo ke da ɗakin da zai ɗauki cikakken jerin ganguna ba, kuma a watan Afrilu kashe fanka don makirfo azaba ce mai zaman kanta. In da kwamfuta za ku tsara gangar, ba laifi. Ku bambanta ƙarfin bugun, ƙafar hagu ta ɗan gaza ta dama, bilas ya yi laushi fiye da silam, kamar yadda yake a hannun mutum. Ku tuna mai ganga hannu biyu gare shi, kada ku sa shi dukan abu uku da hannu a lokaci guda. In kun gama haɗawa, ku tura waƙar a waya mafi arha da ke gidan, ku ajiye ta kan tabarma, ku ja da baya taku uku. In har kuna iya bin rif ɗin da baki daga nan, ku fitar da ita. In ba ku iya ba, ku koma ku rage wa gita datti tukuna, kafin ku taɓa wani maɓalli.