Dragsholm, Gidan da Ake Cewa Fatalwa Ɗari na Kwana

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku dubi farin ginin nan da ke bayana. Sunansa Dragsholm, a ƙasar Danmak, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci a mota daga Kwapanhegan. Bishop ɗin garin Roskilde, wato babban limamin coci, shi ne ya gina shi wajen 1215, yanzu kuma otal ne mai tsadar gaske. Mutanen nan sun ce fatalwa ɗari ke kwana a ciki. Ɗari fa!

Mu dai mun san wanda ya mutu ya tafi ke nan. Da a gida ne, aljanu za a ce, a kira malam ya yi ruƙiyya. A nan kuwa kuɗi ake biya a kwana da su.

Akwai wata Farar Mata. Wai 'yar mai gidan ce ta so wani talaka, uban ya fusata ya sa aka gine ta cikin bango da ranta. An ce a shekarun 1930 masu gyaran famfo sun fasa bango, suka tarar da ƙasusuwan mace cikin farar riga. Akwai kuma Mai Ruwan Toka, wadda ta fi ba ni dariya. 'Yar aiki ce da ciwon haƙori ya addabe ta, aka yi mata magani, shi ne take dawowa da dare tana duba gida don godiya.

Wanda ya tayar mini da tsigar jiki shi ne James Hepburn, basaraken Bothwell, mijin Sarauniya Mary ta Sikotland na uku. Shi nasa labarin tarihi ne. Bayan 1536 gidan ya koma hannun sarkin Danmak, ya zama kurkukun manyan mutane. Nan aka kawo Bothwell a 1573, ya mutu a 1578, ana cewa hankalinsa ya gushe. Ku matso da kyau, wannan ginshiƙin ne wai aka ɗaure shi da sarƙa, ya yi ta zagaya shi har ƙafarsa ta ci ƙasa. Ku taɓa bangon a ranku, sanyi ƙarara, da rana tsaka ma. Mutumin da ya auri sarauniya!

Wai har yau ana jin kofaton dawakai da ƙarar keken dokinsa a tsakar gidan cikin dare. Gawar da aka ce tasa ce tana cocin Fårevejle, nan kusa, ta bushe ba ta ruɓe ba. Can muka nufa yanzu, don a lokacin sanyin nan ƙarfe huɗu na yi duhu ya rufa.