Jawabin Sakatariyar Walwala kan Wuraren Rainon Yara

Shugaba, ka yi haƙuri, rahoton ofishina sai can ƙarshe. Abin da ya hana ni barci zan fara faɗa.

Da yawanku kun ji abin da ya sami 'yar uwarmu. Ba zan kama suna ba, kuma don Allah kada kowa ya waiwaya. Ta fita aikin safe, ta ajiye ɗanta da ko yaye shi ba a yi ba wurin wata mata mai karɓar yara a falonta. Matar na waya, yaro ya rarrafa ya ja igiyar butar lantarki, tafasasshen ruwa ya kwararo masa a kafaɗa. A asibiti, kafin a gama naɗe ciwon an tambayi uwar: wa ke riƙe da shi, tana da rajista? Babu. Yara tara ne a falon nan ranar, mace ɗaya. Yanzu 'yan soshal, ma'aikatan gwamnati masu kare yara, sun san hanyar gidan uwar, ita da ba ta yi laifin komai ba sai neman halak.

Na san abin da za ku ce, a gida ba haka muke ba. Wallahi ni ma na sani. A Zariya idan za ki kasuwa, ki leƙa ta katanga ki ce "Inna, ga shi nan," shi ke nan, har tuwo za ki tarar an ba shi. Kakanni na nan, ƙannen miji na nan, duk unguwa ido ce. Nan Manchesta wa muke da shi? Ƙofa a kulle, maƙwabci ko sunanki bai sani ba.

To ku ji dokar Ingila. Duk wadda za ta riƙe yaro ɗan ƙasa da shekara 8 a gidanta, fiye da awa 2 a rana, ana biyanta, dole ta yi rajista, ko da Ofsted, hukumar gwamnati mai duba makarantu da wuraren raino, ko da kamfanin da Ofsted ta amince wa. Kaka da goggo da kawu na jini ba su ciki. Amma "'yar garinmu ce" ba dangantaka ba ce a wurin Bature. Mai rajista ba ta wuce yara 6 'yan ƙasa da shekara 8, har da nata na cikinta, kuma ƙananan da ba su isa makaranta ba 3 ne ƙa'ida. A babban gidan raino, ma'aikaciya ɗaya ga jarirai 3 'yan ƙasa da shekara 2. Masu shekara 2 kuwa ɗaya ga 5, tun Satumban 2023. Ku gwada wannan da tara.

Iyaye mata, da ku nake. Kafin ki sauke goyonki, ki ce a ba ki lambar rajista. In da Ofsted aka yi rajistar, ki shiga shafin Ofsted a wayarki, rahoton masu duba wurin yana nan kyauta, ki karanta abin da suka ce a gyara. Ki tambayi takardar DBS, wato ta binciken ko mutum ya taɓa aikata laifi, ta matar da ta duk baligin da ke gidan, har mijinta. Ki tambayi shaidar koyon taimakon gaggawa na yara. Sannan ki yi amfani da idonki: akwai shinge a bakin matakala da kicin? Ina ake ajiye magani? Ina jariri ke kwana? Ki koma wata rana ba tare da sanarwa ba. Wadda ta tsayar da ke a bakin ƙofa ta miƙo miki yaro, akwai dalili. Kunyar tambaya ce ta kai mu inda muke yau.

Maza, kada ku sunkuyar da kai kan waya, 'ya'yanku ne. Ku ke cewa mai rajista ta yi tsada. Ga wanda ya cancanta, a tsarin tallafin kuɗin raino mai suna Tax-Free Childcare, duk fam 8 da ka zuba gwamnati na ƙara 2, har fam 2,000 a shekara kan kowane yaro. Na san bizar wasunmu ta hana su wannan, amma rainon awa 15 a mako kyauta na masu shekara 3 da 4 na kowa ne. Kuma ko sisi ba a biya wa wurin da ba shi da rajista.

Masu raino a cikinmu, ba tona muku asiri na zo yi ba. Kun rufa mana asiri lokacin da ba mu da kowa, kuma babu wanda zai koya wa Bahaushiya riƙon yaro. Ku zo mu cike takardun tare, ku yi sana'arku ba fargaba. Ina roƙon kwamiti ya amince asusu ya ranta wa mai so kuɗin kwas ɗin raino. Shugaba, yau nake so a yanke, kada a ce sai zama na gaba, yaron nan har yanzu ana wanke masa ciwo.

Rahoto a gurguje: an je suna, an je ta'aziyya, Allah ya raya, Allah ya jiƙan musulmi. Kuɗin zaure ya ƙaru. Masu bashin kuɗin wata kun san kanku, ma'aji na bakin ƙofa, kuma da wannan kuɗin za mu yi rancen. Mai son a duba mata lambar wurin rainon ɗanta ta same ni bayan la'asar.