Maki 12 a ajin Turanci na Agege

Bala: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Agege, Legas. Bala ne, ga Anti Rakiya, ga kuma Malam Idi da ke koya wa manya Turanci da yamma. Malam, an ce gasar waƙar Turai ka shigo da ita aji?

Malam Idi: Gaskiya ne. Eurovision sunanta. An fara ta a 1956 a garin Lugano na Suwizalan da ƙasashe bakwai kacal. Yanzu sun haura talatin, har Ostareliya tana shiga tun 2015.

Anti Rakiya: To Malam, ni a nan nake da ja. Ga mawaƙanmu fal a Legas, me ya kai ka Turai? Ban da haka na taɓa leƙa gasar nan, akwai shigar da ba zan so ƙannena su gani ba.

Malam Idi: Kin yi gaskiya, Hajiya. Shi ya sa murya kaɗai nake saka musu, kuma sai na karanta baitocin tukuna, in na ga abin da bai dace ba in ajiye. Waƙoƙinmu kuwa yawanci da buroka ake yin su, ɗalibaina ba buroka suka rasa ba. Ɗan tumatir a kasuwar Mile 12 zai yi ciniki da Bayarabiya ya ci ribarsa. Amma ki ce masa ya yi bayanin minti biyu a gaban ma'aikacin banki, sai baki ya mutu. Su ba 'yan koyo ba, kuma ba su kai gwanaye ba, a tsakiya suka maƙale.

Bala: Wallahi Malam kamar da ni kake. Ina ji sarai, mayarwar ce aiki.

Malam Idi: Yawwa. Dokar gasar ita ce waƙa ba ta wuce minti uku, ka ga sai mu ji ta sau uku ba mu cinye lokacin darasi ba. Jin farko kunne kawai. Na biyu in raba takarda da na cire kalmomi goma, su cike. Waya ce da 'yar sifika a kan benci, shi ke nan kayan aikin. Kuma tun 1999 aka janye dokar da ta tilasta wa kowace ƙasa yin waƙa da harshenta, sai yawancinsu suka koma Turanci. Ɗalibi zai ji mutumin Suwidin, ya ji na Azarbaijan, kowa da karin harshensa, kuma an ba su kofi a haka. Daga nan kunyar karin Hausa take fara sakinsa.

Anti Rakiya: Wannan kam ya shige ni. Mu da aka riƙa yi wa dariya a makaranta saboda harafin "p".

Malam Idi: Amma inda karatun yake shi ne wajen ba da maki. A gasar kowace ƙasa tana ba da ɗaya zuwa takwas, sai goma, sai 12, kuma ba ta zaɓen kanta. Ni ma sai na yanka kwali na rubuta lambobin, na raba ajin rukuni huɗu. Sharaɗina ɗaya: ba ka ɗaga kwali sai ka faɗi dalili da Turanci, jimla cikakkiya, ka kwatanta wannan waƙa da waccan. Akwai wani dattijo mai gadi, wata biyu ban ji muryarsa ba. Ranar da rukunin matasa suka ba waƙar da yake so maki uku, sai ya miƙe, carbi a hannu, ya yi musu jimla biyar a jere. Akwai kuskure biyu a ciki, ban tare shi ba sai da ya zauna.

Bala: Me ya sa ba ka gyara masa nan take ba?

Malam Idi: In ka katse mai magana, gobe ba zai sake ba. Na rubuta su a allo daga baya, ban ce na wane ne ba, muka gyara tare.

Anti Rakiya: To wanda ba ya son kiɗa fa? Akwai su da yawa cikin mutanenmu.

Malam Idi: Ina da biyu. Baitocin nake ba su a rubuce, su karanta kamar rubutacciyar waƙa, su shigo lokacin muhawara. Makinsu ma ya fi tsauri, don kalmomin kaɗai suke dubawa.

Anti Rakiya: Ranar Asabar zan zo in gani da idona, Malam. A ajiye mini kwali.

Malam Idi: Bayan la'asar muke farawa, Hajiya.