Amsoshin Tambayoyinku: Turancin barazana da haɗarin da ke tafe

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan Turanci suke, kuma duk kalmomin tsoratarwa. Ko me ya firgita ku haka, oho! Ga malaminmu na Turanci a kusa da ni. Malam, lokaci ya matse mu, mu shiga kai tsaye. Wata ɗaliba daga Zariya, mai shirin jarrabawar WAEC, tana son bambancin threat da threaten.

Malam: Threat suna ne, wato barazana. Threaten aikatau ne, yin barazanar. Sai dai 'yata, ki sa harshe tsakanin haƙora wajen furta farkonta. In kika ce treat, kin koma maganar yi wa mutum magani ko karrama shi.

Mai gabatarwa: Kin ji ko. Sai wani bawan Allah daga Maraɗi, ya ce ya ga menace a jaridar Najeriya, su ma suna da ita a Faransanci. Ɗaya ce?

Malam: Daga gare ku Ingilishi ya aro ta, cikin kalmomin Faransanci da suka kwararo bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Amma ta ɗan sauya hali. A Faransanci ita ce kalmar barazana ta kullum, inda Bature ɗan Ingila zai ce threat. A Ingilishi kuwa an fi liƙa ta ga abin da ya zame wa jama'a alaƙaƙai, kamar shaye-shaye ko ƙwacen waya. Har yaro mai ƙiriniya ana ce masa menace, cikin raha.

Mai gabatarwa: Ashe ina da uku a gida. To, ga tambayar da za mu ɗan daɗe a kai, don ta zo daga wurare da dama, Yola, Makurɗi, Maiduguri, har da Garwa ta Kamaru. Suna cewa kullum sai su ga looms, ko impending, ko imminent a kanun labarai da sanarwar ambaliya. Wacce ce ta fi kusa? Wato yaushe mutum zai naɗe tabarmarsa?

Malam: Madalla. Mu fara da loom. Kamar hadari ne ya haɗo daga gabas, gari ya yi duhu, iska ta fara kaɗawa, amma ko ɗigo bai sauka ba. Zai iya zubarwa, zai iya washewa. Idan jarida ta rubuta strike looms, ba a shiga yajin aiki ba tukuna, alamunsa ne suka bayyana. Iyayen ɗalibai sun sha ganin wannan kanu kafin yajin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2022, wanda ya ci wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ita kuma impending, tushenta Latin ne, abin da ke rataye a kan mutum. Wannan ma ya tuna mini da takobin Damokilis. Akwai wani sarki, Diyonisiyus, a birnin Sirakus na tsibirin Sisili, ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa. Wani bafadensa mai suna Damokilis ya dame shi da cewa sarki ya more duniya. Sai sarki ya ce bismilla, zo ka zauna a kujerata. Aka jera masa abinci kala-kala, bayi suna hidima. Yana ɗaga kai sai ya ga takobi tsirara daidai tsakar kansa, an ɗaure shi da silin gashin wutsiyar doki guda ɗaya tak. Nan take abinci ya fita ransa. Shugaba Kennedy na Amurka ma ya kawo wannan misali a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1961, yana magana kan makaman nukiliya, kuma shi Sisaro wanda ya ba da labarin...

Mai gabatarwa: Malam, Allah ya gafarta, mutanen Yola na jira, ruwa na tafe, kai kuma ka kai mu Sisili.

Malam: To, na dawo. Impending na nufin abin na nan tafe, an kusa tabbatar da shi, ko da ba a san ranar ba. Imminent kuwa ya iso bakin ƙofa, yau ko gobe.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don masu rubutawa. Looms, an hango shi. Impending, yana tafe. Imminent, ya iso, saura ƙiris. In sake faɗa: imminent, saura ƙiris. Saboda haka mutanen bakin Binuwai, in an ce za a sako ruwan madatsar Lagdo, kuma kuka ji hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA ta ce flooding is imminent, ba lokacin neman ƙamus ba ne. Mun ga abin da ruwa ya yi a 2012 da 2022, mun ga Maiduguri a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Ni dai ra'ayina, abokan aikinmu na jarida sun cika amfani da looms. Man fetur looms, yunwa looms, rikici looms, har jama'a sun daina razana. Kuma irin wannan sanarwa, don Allah a riƙa fitar da ita da Hausa da Fulatanci da Kanuri tun farko.

Malam: Ƙarin bayani kaɗan. A kiyaye eminent da imminent. Eminent mashahuri ne. Sau da yawa a wajen taro za ka ji mai gabatarwa ya kira babban baƙo imminent scholar, ya mai da shehin malami abin da ke shirin aukuwa.

Mai gabatarwa: Ba da ni kake ba dai ko? Mu ci gaba. Daga Kumasi, warning da threat?

Malam: Mai warning gargaɗi yake maka kan abin da zai same ka. Mai threat shi da kansa zai aikata maka.

Mai gabatarwa: Daga Gusau, ominous?

Malam: Daga omen take, wato alama. Abin da ke nuna ba alheri a gaba, kamar shirun da kan biyo bayan ƙarar bindiga.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe daga Kano. Wani ɗan kasuwa ya ce yana bin wani bashi shekara biyu, mu ba shi Turanci mai zafi da zai tura masa ta WhatsApp ya kasa barci. Haba Alhaji! Filin ilimi ka mayar wajen wasa wuƙa?

Malam: Kuma ya sani, tsoratar da mutum laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa, sunansa criminal intimidation. Saƙon da ka tura shi zai zama shaida a kanka. Mai bin bashi ya koma wanda ake tuhuma.

Mai gabatarwa: Alhaji, ka nemi dattawan kasuwa su shiga tsakani, in ya ƙi ka kai shi kotu. Injiniya na ta nuna mini agogo. Mai tambaya kan peril da jeopardy daga Damagaram, ka yi haƙuri, da wasiƙarka za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Malam, mun gode. A huta lafiya.